Tsayuwar Malama Na'imatu

A makarantar nan ta Lamorde da mutanen Mubi ke kira Mai Koren Rufi, akwai komai in ban da wurin zaman malami. Akwai fanka a kowane aji, ƙasa duk tayil, ga janareto da ke amsawa tun wuta ba ta gama ɗaukewa ba, har motar ɗaukar yara akwai. Amma ka bi ajujuwan nan ɗaya bayan ɗaya, ba za ka ga kujerar malami ba. An kwashe su tun bara, an jibge a sito an kulle.

Wanda ya sa aka kwashe su shi ne shugaban makarantar, Mista Jonathan. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsabta da cika alkawari, albashin malami ba ya kwana a hannunsa. Ɗan Mubi ne, sai dai ya daɗe yana aiki a manyan makarantun Abuja, ya dawo gida da ƙa'idoji cike da jaka. Wata rana wani dillalin shanu ya leƙo ajin ɗansa ya tarar da malami a zaune, ya wuce ofis ya ce shi ba ya biyan kuɗi don wani ƙato ya zo ya huta a kan ɗansa. Washegari kujeru suka ɓace. Mista Jonathan ya tara malamai ya yi musu bayani cikin natsuwa, ya ce malamin da ke tsaye shi yara ke saurare. Ya ƙara da cewa duk mai wata lalura ya same shi a ofis ya faɗi dalilinsa, nan take za a mayar masa da tasa. A ganinsa ya yi adalci, kuma wanda ya ji maganar daga nesa zai ce ya yi ɗin.

Malama Na'imatu ta tarar da dokar ne, ba a gabanta aka yi ba. Kafin ta zo nan, a wata makarantar ƙauye take koyarwa can bayan Gella, wadda mutanen garin suka gina da hannunsu, ƙarƙashin wani tsohon hedimasta da kowa ke kira Baba Ezekiya. Can rufin yoyo yake yi, benci bai ishi rabin yara ba, albashi kuwa sai an yi kaka iyaye sun sayar da gyaɗa. Da ta auri Yazid, wani matashi mai kai kaya Belel, ta dawo cikin gari, ta samu aji uku a Mai Koren Rufi. Kowa ya taya ta murna, aka ce ta hau tudun mun tsira. Ita ma haka ta ɗauka, don tsayuwa ba ta taɓa damunta ba. Yarinya ce mai ƙarfi, mai son aikinta har cikin rai.

Sai ga juna biyu ya zo, na fari.

Watannin farko ta daure. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙafafu suka fara hawa, in ta tashi daga makaranta sai ta ji su kamar an ɗura musu ruwa. Da ta je awo, nas ɗin ta danna mata idon sawu da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta gwada jininta, ta ɓata fuska, ta ce ya fara hawa, kuma dole ta daina doguwar tsayuwa in tana son ta sauka lafiya ita da abin da ke cikinta. Na'imatu ta ce to. Ta fito tana lissafin yadda za ta yi, don daga ƙararrawar safe zuwa tashi a tsaye take wuni, in ka cire ɗan hutun tara.

Wanda bai san gidansu ba zai ce ai magani a gonar yaro, ta je ofis ta faɗa mana. Faɗar ce ba ta yiwuwa. Kakannin ubanta daga ƙasar Sakkwato suka zo Mubi da sana'ar ɗinki, uwarta kuma Bafillatana ce, kunya ta haɗu mata ta kowane ɓangare. A gidansu cikin fari ba a ambatonsa. Uwar da ta haife ta ma da ta gane, ba ta ce uffan ba, sai dai kawai ta fara aiko mata da kunun tsamiya kullum. Shi kansa Yazid ba da baki aka gaya masa ba, ya gane ne ranar da ta kasa jure ƙamshin turarensa. To balle Mista Jonathan, wanda abokin marigayi ubanta ne, a shagonsa yake ɗinka kaya, ya sha saya mata alewa tana 'yar mitsitsiya. A makaranta take ce masa Sa, a waje Baba take kiransa. Ta yaya za ta tsaya gabansa ta buɗe baki da wannan magana?

Yazid ya ce ta ajiye aikin ta zauna a gida. Ta ƙi. Ba don albashin kaɗai ba, ko da yake yana rufa musu asiri. Ita dai ta san in ta wuni ba ta ji hayaniyar yara ba, ciwon da zai kama ta sai ya fi na ƙafa.

Ta dai gwada sau ɗaya, kada a ce ba ta gwada ba. Ranar ta shirya maganar tun daga gida, ta yi ta maimaita ta a Keke Napep. Da aka fita tara ta ƙwanƙwasa ofis.

“Shigo, Malama. Zauna mana.”

Ta ɗosana a bakin kujera, ta gaishe shi, ta tambayi Mama da yara. Ya amsa da fara'a, ya ajiye biro, ya haɗa hannuwa yana jira.

“Akwai matsala ne? Ki faɗa kai tsaye, nan ba a jin tsoron kowa.”

Ta dubi tayil. Sanyin na'urar ofishin na kaɗawa, ita kuwa gumi take yi.

“Sa, dama makar rubutu a allo ce ta ƙare mini.”

“Shi ke nan? Don wannan kike ta sunkuyar da kai?” Ya yi dariya, ya buɗe durowa ya miƙo mata kwali guda. “In ya ƙare ki zo ki karɓi wani.”

Ta yi godiya ta fito da kwalin maka a hannu, alhali akwai wani cike a ajinta. Haushin kanta ya ishe ta har ta ji kamar ta yi kuka.

Wadda ta fara magana ita ce Christy, malamar aji huɗu, maƙwabciyarta ta bango. Christy 'yar Gella ce, uwar 'ya'ya uku, mai zuciya fara tas da baki kamar rediyo. Ta daɗe tana lura da yadda Na'imatu ta bar takalmi mai rufi ta koma silifa, silifan ma yana neman gaza ta. Wata rana ta ritsa ta a bayan aji ta jingina da bango.

“Sista, ƙafan nan naki ya kumbura fa. Kar ki ce mini sauro ne, ni na haifa uku.”

Na'imatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

“Ki je ki gaya wa firinsifal ya ba ki kujera. Mene ne a ciki? Aure kika yi, ba sata ba.”

“Anti Christy, don Allah ki bar maganar.”

“In bar shi har ki faɗi a gaban yara? Ku dai da kunyan nan naku.”

Na'imatu ta roƙe ta, Christy ta ce ta ji. Amma irin jin nan ne da ake yi da kunne ɗaya. Kafin mako ya ƙare ta shiga ofis ta zayyana wa Mista Jonathan komai, ta fito zuciyarta wasai, ta san ta yi aikin lada.

Shi kuma Mista Jonathan murna ta kama shi, irin ta uba. 'Yar amininsa za ta haihu a ƙarƙashin kulawarsa. Ya kuma ji nauyin cewa yarinyar ta yi ta wahala a gabansa bai sani ba, ya ƙudurta zai gyara, gyaran da kowa zai gani ya san Mai Koren Rufi ba ta wasa da malamanta. Ya san da kunyar cikin fari, ai a Mubi aka haife shi, amma ya ɗauka abin tsofaffi ne, ba na mai takardar shaidar koyarwa ba.

Ranar Litinin da safe aka yi layi a fili kamar kullum, yara cikin korayen riguna, malamai a gefe, iyayen da suka kawo 'ya'yansu ba su gama watsewa daga bakin ƙofa ba. Bayan addu'a da taken ƙasa ya ɗauki lasifika.

“Yau muna da labari mai daɗi. Makarantan nan iyali ɗaya ne, farin cikin ɗaya na kowa ne. Malaman mu na aji uku, Malama Na'imatu, Allah ya albarkace ta, muna jiran ƙaruwa. Daga yau ita kaɗai an ɗauke mata dokan tsayuwa. Ku tafa mata.”

Fili ya ɗauki tafi. Masu gadi biyu suka fito daga ofis ɗauke da kujera mai laushi, baƙa, mai juyawa, tasa ce ma ta kansa ya sadaukar, suka ratsa tsakiyar yara da ita zuwa aji uku. Na'imatu tana tsaye, ta ji kamar an yaye mata zane a tsakiyar kasuwa. Ta kasa ɗaga kai, amma ta san a bakin ƙofa akwai yayan mijinta da ya kawo 'ya'yansa, ta san kafin azahar maganar ta isa gidan surukanta da shagunan layinsu. Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido, to ranar an rasa.

Kujerar ta zauna a gaban aji uku, Na'imatu ba ta zauna a kanta ba. Ba taurin kai ba ne. Duk sanda ta matso kusa da ita sai idanun yara su bi ta, daga kujera zuwa cikinta, daga cikinta zuwa kujera, wasu na rufe baki suna ƙyalƙyala. Zama a kanta ya zama kamar ta miƙe ne ta ce e, abin da aka faɗa gaskiya ne. Ta ɗora littattafan yara a kai ta ci gaba da tsayuwarta. Abin ma ya fi da muni, don da takan samu ta zauna a ɗakin malamai lokacin tara, yanzu kuwa tana shiga maza ke tashi suna ba ta wuri, ana sannu Malama, a hankali Malama. Sai ta daina shiga, take cin ɗan abincinta a tsaye a bayan aji.

Christy ta zo ta same ta, ido ya yi ja.

“Wallahi ni kujera kawai na ce ya ba ki. Ban ce ya buga ƙararrawa ba.”

“Na sani, Anti. Ya wuce.”

“To tunda kowa ya ji, ki zauna ɗin mana.”

Na'imatu ta girgiza kai. Ba ta riƙe ta a zuciya ba, amma ba ta da kalmomin da za ta fahimtar da ita.

Mista Jonathan yakan wuce ta taga ya ga kujerarsa ta zama teburin littattafai. Abin ya sosa masa rai, don shi a kan wata ta katako yake zaune yanzu, bayansa na ciwo. Rannan ya tsaya a bakin aji.

“Malama, kujeran bai yi miki ba ne? In canza miki wani?”

“Ta yi, Sa. Na gode ƙwarai.”

Ya tsaya jim yana kallonta, ya rasa inda laifin yake, ya wuce. Shi ya ba da mafi kyawun abin da yake da shi, an ajiye masa a gefe. Ita kuma ta ga ya ji ciwo, sai nauyin ya ƙaru mata.

Da ranar awo ta zagayo, nas ɗin ba ta ɓoye fushinta ba. Ta gwada jinin sau biyu, ta dubi ƙafafun da suka cika silifa har suna tumbatsa.

“Baiwar Allah, me na gaya miki wancan zuwan? In ba ki tausaya wa kanki, ki tausaya wa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. In kika dawo mini haka, gado zan ba ki, kuma ban yi miki alkawarin komai ba.”

Wannan karon tsoro ya shige ta sosai. Ta fito asibiti ta tsaya a bakin titi, ya kamata ta koma makaranta, ƙafarta ta ƙi. Gaba kura baya sayaki, ta koma ta ci gaba da tsayuwa ko ta koma ta zauna a kujerar da gari duka ya san dalilinta. Sai ta ji ba wanda take son gani irin Baba Ezekiya. Ba ta san me za ta ce masa ba, shi ma ai sa'an uba ne. Ta dai tari keke zuwa tasha, ta shiga bas ɗin Gella, ta kira shi tana jiran mota ta cika.

“Baba, ina nan tafe in gaishe ku.”

“To, to. Sai kin iso, 'yata.” Bai tambaye ta dalili ba.

Damina ta yi nisa, duwatsun hanya sun yi kore shar, masara ta fi mutum tsawo. Daga Gella ta hau mashin, ta ce ya bi a hankali, suka tsallake mayo, wato rafi, inda ruwan bai wuce idon sawu ba. Makarantar na nan yadda ta bar ta, sai ma wani kwanon rufi da ya ƙara ɗagewa aka danne shi da dutse.

Baba Ezekiya na tsaye a gindin mangwaro, gajere, kansa fari fat, cikin tsohuwar rigarsa mai aljihu huɗu. Labarin abin da aka yi a Lamorde ya riga ta isowa, don Christy kan zo gida duk ƙarshen mako, kuma ba a san ta da ajiye magana ba. Amma tsohon nan bai dubi ƙafarta ba, bai dubi ko'ina ba sai fuskarta, daga nan ya koma kallon hadari.

“Maraba da mutanen birni. Zo ki taimake ni, bencin nan ƙafan shi ɗaya gajere ne, in na zauna ni kaɗai sai ya ɗaga. Danne mini wancan gefen.”

Ta zauna. Jini ya fara sauka daga ƙafafunta, ta ji wani daɗi har cikin ƙashi. Ya yi ta ba ta labari, ruwan bana, tsutsar da ta shiga masara, akuyar da ta cinye rajistar aji biyu. Matarsa Mama Mercy ta aiko da dafaffiyar gyaɗa a kwano. Na'imatu na ci tana neman ta inda za ta fara, shi kuwa ko alamar jira bai nuna ba. Can ya yi ajiyar zuciya.

“Ni ne ma da kuka, amma kunya ya hana ni. Tun da kika tafi, aji uku ba shi da malami. Ni nake haɗa su da aji huɗu, muryana ya ƙare. Amma wa zai ce wa mai fanka da tayil ya dawo nan? Albashin mu kin san shi, sai an cire gyaɗa.”

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta, shi kuwa ya ci gaba.

“Ɗakin ki na da ma, Mama ta zuba buhuna a ciki. Ta ce dai buhu yana iya komawa rumbu, in mutum yana so ya kwana nan ranakun aiki ya huta da hanya. Asibitin Gella kuma ga shi kusa, saboda zazzaɓin damina.” Ya miƙe yana dafa gwiwa. “Zo ki ga ajin, kar ki ce na rufe ki.”

Yaran sun fita hutu, ajin ba kowa. Benci huɗu, taga ba murfi, ƙasa a share. Allon yana ƙasa, an jingine shi da bango, a gabansa an ajiye wata 'yar kujera ta katako mai majingina, irin ta tsakar gida.

“Kin ga matsalan,” in ji Baba Ezekiya. “Bangon nan ya ƙi riƙe ƙusa. Allo ya sauko ƙasa, kuma ba mu da halin gyara sai bayan kaka, ko ma sai baɗi. Duk wanda zai koyar a nan, dole a zaune zai yi rubutu, yara ma sun fi gani haka. Sai dai a yi haƙuri da mu.”

Na'imatu ta ɗaga ido. A bangon akwai shacin allon, fari sol, ƙura ba ta taɓa shi ba. Ramukan ƙusa biyu sababbi ne, bakinsu a ɓantare kamar an sha fama kafin ƙusoshin su fito, garin siminti na zube a ƙasa a kan sharar da aka yi da safe. Ta san ƙusoshin nan, a gabanta aka kafa su, ko mutum ya rataya a jikinsu ba za su motsa ba. Ta dubi hannun rigar tsohon, ga farin gari nan har gwiwar hannu, ga ɗan ƙurjewa a babban yatsansa.

Hawaye suka cika mata ido. Ta juya baya kamar mai duba taga, shi kuma ya sunkuya yana gyara wani benci da ba abin da ya same shi. Ta san abin da za ta bari a Lamorde, ta san sai ta je ta durƙusa ta ba Mista Jonathan haƙuri, kuma har abada ba zai gane me ya yi ba. Ta san Yazid zai ce ta bar inuwa ta koma rana. Duk da haka ba ta ji nauyi a ƙirjinta ba, rabon da ta ji haka tun ranar da ta fara zuwa awo.

“Baba,” ta ce, “bangon nan dama tun ina nan ba shi da ƙwari.”

“Ai kin gani,” in ji shi.

Aka kaɗa ƙarfen komawa aji. Ta ja 'yar kujerar ta zauna, ta miƙe ƙafafunta, ta ɗauki guntun alli a gindin allon. Yara suka shigo a guje, ba wanda ya kalli komai sai fuskarta, suna ta murnar Malama ta dawo. Ta ce kowa ya nemi wuri ya zauna, ta fara rubuta kwanan wata.